Tambayoyi da amsoshi: idan masana'antar da aka ƙirƙiro maka ta ƙi ɗauruwa a Guice, Dagger ko Ninject

Wannan shafi na masu rubuta manhaja ne da ke aiki da tsarin saka abin dogaro (dependency injection), inda kilas ba ya gina abubuwan da yake buƙata da kansa, sai dai kwantena, wato laburare irin su Guice, Dagger ko Ninject, ta miƙo masa su ta maginin kilas ɗin (constructor). Yawancin misalan na Java da Kotlin ne, akwai kuma na C# can ƙasa. Misali ɗaya za mu riƙe: kilas mai suna `Rahoto`, wanda ke buƙatar `Rumbu` daga kwantena domin karanta bayanai, sannan yana buƙatar ranar farawa da ranar ƙarewa daga wanda ya nemi rahoton.

Mece ce masana'antar da aka ƙirƙiro, kuma me ya sa ake buƙatarta?

Kwantena ta san yadda za ta samo `Rumbu`, domin ka ɗaure shi tun farko a mojul, wato inda kake gaya mata abin da za ta bayar idan an nemi wani nau'i. Amma ba ta da yadda za ta san ranakun da mai amfani zai zaɓa sai manhaja tana gudana. Ke nan maginin `Rahoto` yana jiran kaya daga hannu biyu, kamar tela ne: zare da keke nasa ne, yadi da awo kuwa sai mai ɗinki ya kawo. Masana'anta ita ce mai haɗa hannayen biyu. Kai za ka rubuta intafes kawai, mai metod guda kamar `Rahoto kirkira(LocalDate daga, LocalDate zuwa)`, laburaren kuma ya rubuta maka cikinsa.

Kusan duk matsalar da za ka gani a ƙasa ɗaya ce daga cikin biyu. Ko dai mai rubuta cikin masana'antar bai tashi aiki ba sam, ko kuma ya tashi amma intafes da magini ba su yarda da juna ba a kan wa zai kawo me.

Kuskure ya fito, ban ma san ta ina zan fara ba.

Fara da tambayar kanka: yaushe ya fito? Amsar ita ke nuna maka wanda ke ƙorafi.

Dagger da AutoFactory, wani laburaren Google mai ƙirƙirar masana'antu, suna rubuta masana'anta ne lokacin harhaɗa kod, a matsayin fayil na Java na gaske da za ka iya buɗewa ka karanta. Saboda haka kurakuransu kan fito tun kafin manhaja ta tashi. Guice, wanda Google ya fitar a 2007, ba ya rubuta fayil. Yana gina wakili ne a cikin ƙwaƙwalwa lokacin da ake ƙirƙirar kwantena, nan ne kuma yake duba ko ɗaurin ya cika, sai ya jefo `CreationException` idan bai cika ba. Ninject ya fi su jinkiri: sau da yawa ba za ka ji komai ba sai ranar da aka kira metod ɗin masana'antar.

Abu na biyu, karanta kuskure na farko a jerin, ba na ƙarshe ba. Mutane da yawa ido kan kai su ƙasan allo, inda kurakuran da na farkon ya haifa suka taru. Sannan karanta saƙon har ƙarshensa. Dagger da Guice duka suna jero hanyar da aka bi aka iso wurin: wane kilas ya nemi wane, shi ma wa ya neme shi. Bakin zaren yawanci yana cikin wannan jerin.

Guice ya ce "No implementation for MasanaantarRahoto was bound". Ai na rubuta intafes ɗin.

Rubuta intafes bai isa ba a Guice, sai ka gaya masa ya gina shi:

`install(new FactoryModuleBuilder().build(MasanaantarRahoto.class));`

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne mantawa da `install`. Layin `new FactoryModuleBuilder().build(...)` shi kaɗai yana harhaɗuwa lafiya lau, ba ƙorafi, amma abin da ya dawo da shi mojul ne, kuma mojul ɗin da ba a shigar ba kamar babu shi ne. Idan `install` yana nan, duba ko mojul ɗin da ke ɗauke da layin ya shiga `Guice.createInjector`. Idan kuma cikin `PrivateModule` ka sa shi, sai ka ƙara `expose` a kan masana'antar, in ba haka ba na waje ba za su gan ta ba.

In metod ɗin yana dawo da intafes ne ba kilas ba, to dole ka faɗi wane kilas ke bayansa, da `.implement(Rahoto.class, RahotonWata.class)` kafin `build`. A nan mutane kan yi tuntuɓe, su rubuta `bind(Rahoto.class).to(RahotonWata.class)` daban, suna zaton ya wadatar. Wannan layin cewa yake kwantena ta gina `RahotonWata` ita kaɗai, alhali ba ta da ranakun, sai ka faɗa cikin tambaya ta gaba.

Ƙaramin abin lura: wannan fasaha ba ta cikin Guice kansa, tana cikin laburare na daban mai suna `guice-assistedinject`. Sigarsa ta zama daidai da ta Guice. In sun saɓa, kurakuran da ke fitowa irin su `NoSuchMethodError` ne, waɗanda ba sa nuna komai game da ɗauri.

Saƙon yana cewa ba a ɗaure `LocalDate` mai alamar `@Assisted` ba. In ɗaure shi?

A'a, kada ka ɗaure shi. Idan ka yi, kuskuren zai ɓace, amma duk rahotanninka za su fito da rana ɗaya.

Ma'anar saƙon ita ce wani wuri yana neman `Rahoto` kai tsaye daga kwantena, bai bi ta masana'anta ba. Nemo kilas ɗin da ya sa `Rahoto` a magininsa, ka musanya shi da `MasanaantarRahoto`, ya kira `kirkira` a lokacin da ranakun suka zo hannunsa. Dagger ya fi fito da maganar fili a nan, yana cewa ba ya yarda a saka nau'in da ke da `@AssistedInject` kai tsaye, har ya tambaye ka ko masana'antarsa kake nufi.

Wani dalilin kuma shi ne faramitar tana da `@Assisted` a magini amma metod ɗin masana'anta bai karɓe ta ba, misali an ƙara ta daga baya aka manta da intafes.

A Dagger fa? Ina samun `MissingBinding` a kan masana'antar.

Dagger ya samu wannan fasaha a siga ta 2.31, a farkon 2021. Kafin nan laburaren kamfanin Square ko AutoFactory ake amfani da su, shi ya sa tsofaffin amsoshi a intanet suke nuna wani mojul na musamman da yanzu ba a buƙatarsa. A Dagger na yau abu uku ne: `@AssistedInject` a kan magini, `@Assisted` a kan faramitocin da mai kira zai kawo, da `@AssistedFactory` a kan intafes. Ba sai ka ɗaure komai a mojul ba. Idan aka ce ba za a iya samar da masana'antar ba sai da metod mai `@Provides`, galibi alama ta uku ce ta faɗi.

Akwai dokoki biyu da Dagger bai sassauta ba. Intafes ɗin ya kasance da metod guda tak wanda ba shi da ciki. Kuma metod ɗin ya dawo da ainihin kilas mai `@AssistedInject`, ba intafes ɗin da kilas ɗin ya cika ba. Wannan ta biyun tana ba waɗanda suka taso daga Guice mamaki, tunda babu `implement` a nan. Mafita ita ce masana'anta biyu: ta waje, wadda ba ta da alama, tana dawo da `Rahoto`, ta ciki mai `@AssistedFactory` tana gadon ta wajen, tana sake bayyana metod ɗin da `RahotonWata` a matsayin abin da yake dawowa da shi. Sai ka haɗa su da `@Binds`. Sauran manhaja ta waje kawai za ta sani.

Wani lokacin kuma masana'antar lafiyarta ƙalau, `Rumbu` ne ba ya samuwa a inda aka neme ta. Kwamfonent shi ne kwantenar Dagger. Idan `Rumbu` yana zaune a ƙaramin kwamfonent, kai kuma ka saka masana'antar cikin kilas da ke babban kwamfonent, ba za ta gan shi ba. Na ƙasa yana ganin abin da ke sama, na sama ba ya ganin abin da ke ƙasa.

Ranakuna biyu nau'insu ɗaya. Ta yaya laburaren zai san wace ce wace?

Nan gizo ke saƙar, domin kowane laburare da yadda yake daidaita faramitoci, kuma wanda ya saba da ɗaya yakan ɗauki al'adarsa ya kai wa ɗayan.

Guice da Dagger suna kallon nau'i ne haɗe da alama. Jerin da faramitocin suka zo a kai bai dame su ba. Wannan haɗin nau'i da alama shi ne mabuɗin da ake neman kowane ɗauri da shi. `LocalDate` biyu masu `@Assisted` tsirara mabuɗi ɗaya ne sau biyu, don haka za a ƙi su. Sai ka ba kowace suna:

`Rahoto kirkira(@Assisted("daga") LocalDate daga, @Assisted("zuwa") LocalDate zuwa);`

Sunayen nan dole su bayyana a wuri biyu, a intafes da kuma a magini, harafi da harafi. Wanda ya sa a magini kawai ya bar intafes, zai ga saƙon cewa faramitocin ba su dace ba, ya yi ta kallonsu yana ganin ai iri ɗaya ne. Kada kuma ka yi ƙoƙarin bambance su da `@Named`. Dagger ba ya karɓar alamar bambancewa a kan faramita mai `@Assisted`.

AutoFactory ya juya lamarin. A wurinsa abin da kwantena za ta kawo ake yi wa alama, da `@Provided`, duk abin da ba shi da alama kuma na mai kira ne. Tunda kilas na Java yake rubutawa wanda zai cika intafes ɗinka, jerin faramitoci ne ke aiki: na magini da na intafes su zo a tsari ɗaya. Haɗarin a nan shiru ne. Ka juya `daga` da `zuwa` a gefe ɗaya, komai zai harhaɗu, rahoto kuma ya fito babu komai a ciki.

Ninject da Castle Windsor kuwa, kwantenoni biyu na C#, sunan faramita suke bi. Idan intafes ya ce `daga`, magini ya ce `ranarFarawa`, ƙimar ba za ta isa ba, kwantena za ta koma neman `DateTime` a cikin ɗaurinta ta rasa. Abin takaicin shi ne editan kod yana sauya maka sunan faramita a wuri ɗaya cikin daƙiƙa, bai san akwai wani intafes da ya dogara da tsohon sunan ba.

A ganina, idan faramitoci masu nau'i ɗaya suka kai uku, alamomi ba su ne maganin ba. Haɗa su cikin ƙaramin kilas, kamar `Tazara` mai ɗauke da ranakun biyu, ka miƙa shi a matsayin abu guda. Rikicin suna da na jeri duk sun kau, ka kuma samu wurin da za ka duba cewa farko bai wuce ƙarshe ba.

Nau'o'in iri ɗaya ne a idona, amma an ce ba su dace ba.

Daidai ake nema, ba kusa da daidai ba. Intafes mai karɓar `ArrayList` da magini mai karɓar `List` ba su dace ba, duk da cewa Java zai yarda a miƙa ɗaya a madadin ɗaya.

A Kotlin akwai tarkon da ido ba ya gani. Idan ka rubuta `List<Shafi>` a matsayin faramita, kuma `Shafi` intafes ne ko kilas da ake iya gado, Kotlin kan mai da shi `List<? extends Shafi>` a gefen Java. Dagger gefen Java yake gani, kuma a wurinsa waɗannan biyun mabuɗai ne daban. Haka faramitar da take aiki ce, irin `(String) -> Unit`, takan koma `Function1<? super String, Unit>`. Idan saƙon kuskure ya nuna maka `? extends` ko `? super` da ba kai ka rubuta ba, sa `@JvmSuppressWildcards` a kan nau'in, a wurin da ake neman sa.

A Guice matsalar jenerik ta wata fuska take zuwa. Java yana goge abin da ke cikin `< >` lokacin gudana, don haka `Masanaanta.class` ba ya ɗauke da labarin `Masanaanta<Rahoto>`. Sai ka ba `build` wani `new TypeLiteral<Masanaanta<Rahoto>>() {}`. Waɗancan baka biyu na ƙarshe ba ado ba ne, su ke ƙirƙirar ƙaramin kilas da ke adana cikakken nau'in. Kowane nau'i kuma da nasa `install`.

Kwamfaila ta ce ba ta ga kilas ɗin da ya kamata a ƙirƙiro ba.

Tambaya ta farko: an rubuta fayil ɗin kuwa? Je ka duba da idonka. A Gradle yana ƙarƙashin `build/generated`, a Maven kuma `target/generated-sources/annotations`. Dagger kan rubuta `Rahoto_Factory` da kuma wani mai ƙarewa da `_Impl` domin intafes ɗin. AutoFactory kan ɗauki sunan kilas ya ƙara masa `Factory`.

Idan fayil ɗin yana nan, edita kawai ke ja masa jan layi, to matsalar ta edita ce: bai san wannan folda tana cikin kod ba. Sake daidaita shi da Gradle ko Maven.

Idan babu fayil ko ɗaya, injin sarrafa alamomi, wato mai karanta alamomin ya rubuta fayilolin, bai tashi ba. Dalilan sanannu ne. Daga Gradle 5.0 an daina ɗaukar injin daga jerin laburaren yau da kullum, sai an ambace shi da `annotationProcessor`. Wannan kuma na Java ne kawai. Kod ɗin Kotlin sai `kapt` ko `ksp`, hanyoyin da Kotlin ke tayar da injin, kuma Dagger ya fara aiki da KSP ne daga siga ta 2.48. A manhaja mai sassa da yawa, kowane sashe da ke ɗauke da `@AssistedInject` yana buƙatar injin a nasa fayil ɗin gini, ba a babban sashe kaɗai ba. Sabon dalili kuma ya shigo da JDK 23 a 2024: `javac` ya daina tayar da injinan da ya tsinta da kansa, sai an ambace su ko an ba shi `-proc:full`. Manhajar Maven da ta yi shekaru tana ginuwa tana iya tsayawa cak ranar da aka ɗaga JDK, ba tare da an taɓa layi ɗaya na kod ba.

Hali na uku ya fi ruɗarwa: injin ya tashi, amma ya tsaya a hanya saboda wani kuskure dabam. Wani `import` da ya ɓace a wani fayil can ya isa ya hana Dagger kammala aikinsa, sai duk wuraren da ke ambaton kilas ɗin da bai rubuta ba su yi ta kuka. `javac` kurakurai 100 kawai yake nunawa in ba a ce masa komai ba, na gaskiyar kuma yana iya zama na 130. Ɗaga iyakar da `-Xmaxerrs`, sannan ka nemi kuskuren da bai shafi kilas ɗin da aka ƙirƙiro ba.

Idan ka ga `NonExistentClass` a kapt, injin ɗaya ne ke ambaton kilas da wani injin bai riga ya rubuta ba, kamar mojul na Dagger da ke ɗaure masana'antar AutoFactory. `correctErrorTypes = true` a saitin kapt yakan warware shi.

Komai daidai yake, amma kamar ba a ganin alamomina.

Duba layukan `import`. Akwai `Assisted` a `com.google.inject.assistedinject`, akwai wani a `dagger.assisted`, akwai kuma na tsohon laburaren Square. Idan fiye da ɗaya suna cikin manhajar, edita na iya ɗauko wanda ba shi ba, kuma kowane laburare nasa kawai yake ganewa.

Haka `@Inject` kansa. An daidaita shi a 2009 ƙarƙashin `javax.inject`, daga baya ya koma `jakarta.inject`. Guice 6 yana karɓar duka biyun, Guice 7 kuwa ya bar `javax`. Idan ka ɗaga zuwa 7 sai aka ce kilas ɗinka ba shi da magini mai `@Inject` alhali ga alamar kana gani, wannan ne. Kod ɗin da wani injin ya rubuta maka ma abin ya shafe shi, don haka buɗe fayil ɗin ka ga wanne ya shigo da shi.

Zan iya sa `@Singleton` a kan `Rahoto`?

A'a. Dagger yana hana shi, Guice ma haka. Masana'anta alkawarinta sabon abu a kowane kira. In `Rahoto` tilo ne, me za a yi da ranakun kira na biyu? Idan so kake a riƙa tuna rahoton da aka riga aka gina, rubuta kilas tilo mai riƙe da masana'antar da kuma taswirar da ke ajiye sakamako.

Na miƙa ƙima ga masana'anta, amma kilas ɗin da ke can ciki bai same ta ba.

Ƙimar mai kira a maginin farko take tsayawa. Idan `Rahoto` yana dogara da `Tace`, shi ma `Tace` yana son ranakun, ba za su gangara masa da kansu ba a Dagger, haka a Ninject yadda yake zuwa. Hanya mai sauƙi: `Tace` ya samu tasa masana'antar, `Rahoto` ya karɓe ta daga kwantena ya miƙa mata ranakun a cikin magininsa.

In ka ga kana jan ƙima ɗaya ta hawa uku ko huɗu, ba masana'anta kake buƙata ba. Ƙimar ta zama ta wani zango ne na rayuwar manhaja, kamar zaman mai amfani ko buƙata guda ta sabar. A Dagger ƙaramin kwamfonent mai `@BindsInstance` ne ya dace da wannan.

A Android, Worker ɗina yana faɗuwa da `NoSuchMethodException` duk da na sa `@HiltWorker`.

WorkManager, mai gudanar da ayyukan bayan fage a Android, shi ne ke ƙoƙarin gina Worker ɗin da kansa, yana neman magini mai `Context` da `WorkerParameters` kawai, naka kuma yana da ƙari. Wato masana'antar Hilt, laburaren Android da aka gina a kan Dagger, ba ta shiga tsakani ba. Abu uku ake dubawa. Kilas ɗin `Application` ya cika `Configuration.Provider` ya miƙa `HiltWorkerFactory`. An cire mai tayar da WorkManager na asali daga fayil ɗin manifest, in ba haka ba shi zai riga ka tashi da nasa saitin. Na uku shi aka fi mantawa: `@HiltWorker` yana da nasa injin, `androidx.hilt:hilt-compiler`, wanda ba shi ne na Dagger ba duk da sunayensu sun yi kama.

Game da ViewModel kuwa, haɗa `@HiltViewModel` da `@AssistedInject` ya samu ne daga Hilt siga ta 2.49, inda ake ambaton masana'antar da `assistedFactory`. Kafin ka bi ta nan, tuna cewa ƙimar da ka miƙa ta masana'anta ba ta tsira idan Android ya kashe manhajar a bayan fage. Lambar shaida da ta zo daga wani allo ta fi zama lafiya a `SavedStateHandle`.

A Ninject na rubuta `ToFactory()`, amma abubuwa na faruwa da ban gane ba.

Bayan maganar sunan faramita, akwai uku. Metod ɗin da sunansa ya fara da `Get` ana fassara shi daban: `GetRahoto` na nufin a nemo ɗauri mai suna `Rahoto`, ba kowane ɗauri ba. In ba ka raɗa wa ɗaurin suna ba, fara metod ɗin da `Create`. Castle Windsor ma yana ba `Get` irin wannan ma'ana.

Na biyu, idan kuskuren yana ambaton `IInterceptor`, `FuncModule` bai shiga ba. Ninject kan loda shi da kansa, amma inda aka kashe lodin kai tsaye, ko fayil ɗin laburaren bai isa foldar gwaji ba, sai ka loda shi da hannu. Na uku, wakilin Castle DynamicProxy ne ke gina shi, kuma ba ya ganin intafes mai `internal` sai ka buɗe masa da `InternalsVisibleTo` zuwa `DynamicProxyGenAssembly2`.

Kwantenar Microsoft da ke zuwa tare da ASP.NET Core ba ta ƙirƙirar irin wannan masana'anta ko kaɗan. Can da hannu ake rubutawa, ko a jingina da `ActivatorUtilities`.

Bayan ɗaga Java zuwa 17, Guice yana gargaɗi a kan masana'antar da ba `public` ba.

Java 17 ya rufe hanyoyin da laburare ke bi su leƙa cikin ɓoyayyun sassan Java kansa. Masana'antar da ba ta fito fili ba, kuma tana da metod mai ciki, tana buƙatar izini daga gare ka. Ko ka mai da ita `public`, ko ka ƙara `.withLookups(MethodHandles.lookup())` a kan `FactoryModuleBuilder`.

Ba gara in rubuta masana'antar da hannu ba?

Sau da yawa, e. Kilas ne mai layi goma: magini mai `@Inject` da ke karɓar `Provider<Rumbu>`, da metod mai cewa `new Rahoto(rumbu.get(), daga, zuwa)`. Kwamfaila za ta duba shi, kowa zai iya karanta shi, za ka iya tsayar da manhaja a cikinsa ka leƙa. Abin da ka rasa shi ne duk lokacin da `Rahoto` ya samu sabon abin dogaro sai ka gyara wuri biyu. A manhaja mai masana'antu hamsin wannan nauyi ne na gaske, kuma shi ya sa aka ƙirƙiro fasahar. A mai guda uku, ba wani abu ba ne.

Inda zan ce lallai a rubuta da hannu shi ne idan masana'antar tana yanke shawara, misali ta zaɓi `RahotonWata` ko `RahotonShekara` gwargwadon tazarar ranakun. Guice yana ba da damar sa `@Named` a kan metod daban-daban domin kowane kilas, amma zaɓi tsakaninsu aikin kod ɗinka ne. Ko da ba za ka ajiye ta ba, rubuta ta hannu na ɗan lokaci hanya ce mai kyau ta bincike: in ita ma ta ƙi ɗauruwa, laifin ba na mai ƙirƙira ba ne, yana wurin `Rumbu` ko abin da ke bayansa.

Ta yaya zan kama waɗannan kurakurai kafin su kai ga masu amfani?

A Dagger ginin da ya yi nasara ya riga ya duba taswirar dogaro, muddin masana'antar tana cikin abin da wani kwamfonent yake nema. Abin da bai duba ba shi ne ko ka ɗora sunan `daga` a kan ranar ƙarewa, don haka gwaji guda mai ranaku biyu mabambanta yana da amfani.

A Guice rubuta gwajin da ke ƙirƙirar kwantena da ainihin mojul ɗin manhaja, tare da musanya waɗanda ke taɓa rumbun bayanai ko intanet ta hanyar `Modules.override`. Ƙirƙirar kaɗai tana tona yawancin kurakuran ɗauri. Abin da ke kuɓuce mata shi ne `null`: Guice yana ƙin miƙa shi ga faramitar da ba ta da `@Nullable`, kuma sai an kira metod ɗin da shi ake gani.

A Ninject da Windsor samo masana'antar daga kwantena bai tabbatar da komai ba, tunda wakili ne kawai aka ba ka. Gwajin ya kira kowane metod na kowace masana'anta da ƙimomi na gaske, sannan ya duba cewa ƙimomin sun isa cikin abin da aka gina.